Shin Ko Kun San? Daga Injin Babur Zuwa Tukunyar Tuwo

Shin ko kun san babbar tukunyar da ake ɗora sanwar biki da ita a Yammedi, da murfin injin babur ɗin da ke kai mutane kasuwar Karaye, ƙarfe ɗaya ne? Dukansu alminiyam ne da aka narka aka zuba a mazubi. Sau da yawa ma tukunyar tsohon inji ce da ta sake rayuwa.

Shin ko kun san abin da ya sa maƙerinmu ke iya wannan aiki da gawayi da zuga-zugi kawai? Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, tagulla sai ta haura 1,000, baƙin ƙarfe zalla kuwa sai ya wuce 1,500. Mai zubi yakan danna tukunyar samfuri cikin ƙasa mai laushi da ɗan danshi, ya daddage ta, ya zare samfurin a hankali, ya haɗa ɓangarorin, sannan ya kwarara narkakken ƙarfen ta wata ƙaramar kafa. Kafin wani lokaci tukunya ta fito da kunnuwanta, saura goge da zarto. Aikin na masu natsuwa ne. In danshin ya yi yawa, ko ɗigon ruwa ya faɗa cikin narkakken ƙarfe, tururi yakan watsa shi jikin mutum. A ganina, wanda ya iya auna wannan danshi da tafin hannunsa injiniya ne, ko da bai taɓa zama a aji ba.

Shin ko kun san sana'ar ba ta kai shekara ɗari a yankinmu ba? Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta kankama a Senigal, a shekarun 1940, lokacin da tarkacen alminiyam ya yawaita. Daga nan almajiran masu zubi suka bazu da ita Afirka ta Yamma. Yau Panteka ta Kaduna ta yi suna a kanta.

Nauyin alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Shi ya sa manomin rani a gefen madatsar Challawa, wadda aka kammala a Karaye a 1992, ke iya ɗaure injin ban ruwa a bayan babur. Gangar famfon da kan injin galibi zubin alminiyam ne. Haƙarƙarin nan da kuke gani jere a kan injin babur kuma ba ado ba ne, zafi suke miƙa wa iska, domin alminiyam ya fi baƙin ƙarfe saurin watsa zafi kusan sau uku. Fistin, kafireto, marikin birki, duk zubi ne. A masana'anta ana harba narkakken ƙarfen da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kaya ya fito cikin daƙiƙoƙi.

Alminiyam ba ya jan tsatsa. Da ya haɗu da iska sai wata siririyar fata ta rufe shi, ita ke kare shi.

Shin ko kun san ya taɓa zama kayan sarakuna? Duk da shi ne ƙarfen da ya fi yawa a ɓawon ƙasa, kimanin kashi 8 cikin ɗari, raba shi da dutsensa ya gagari mutane, shi ya sa ya yi tsada. A 1884 Amurkawa suka ɗora ɗan ƙaramin zubinsa a ƙololuwar hasumiyar Washington. Sai a 1886 Charles Hall na Amurka da Paul Héroult na Faransa, kowa a nasa gefen, suka gano hanyar tace shi da lantarki, farashi ya faɗi.

Wannan tacewa tana shan wuta ƙwarai, amma sake narka tsoho kashi 5 cikin ɗari kawai na wannan makamashi yake ci. Masana'antar tace shi da Najeriya ta gina a Ikot Abasi ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, kuma har yanzu ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Saboda haka 'yan jari-bola ne ma'adinan mai zubi, kuma ya fi son fasasshen inji a kan gwangwanin lemo, don na inji akwai sinadarin silikon da ke sa shi gudana ya cika mazubi.

A nan ne kuma damuwata take. Tarkace yakan zo gauraye da dalma, kuma binciken da aka buga a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna gubarta tana tsatsowa cikin girki, musamman mai tsami. Ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ta fito. Mai zubi ya ware duk abin da ya shafi batir da lagireto da walda daga kayan tukunya. Uwargida kuma kada ta bar zoɓo, kunun tsamiya ko miyar yakuwa su kwana a ciki, ta juye su a wani mazubi da zarar an sauke.