Canon IXUS 185: Sirrin Yana Maɓallin Ɗauka

Wanda ya saba da waya yakan danne maɓallin Canon IXUS 185 lokaci guda, sai hoto ya fito dishi-dishi. Maɓallin hawa biyu ne: a danna rabi, kyamara ta saita ta yi ƙara, sannan a ƙarasa.

Ɗan madannin da ke kewaye da shi yana jawo abu kusa har ninki 8, amma a nan ƙaramar girgiza ke ɓata hoto. Maganinta hannu biyu, gwiwar hannu manne da jiki.

Ga dillalin albasar Aliero mai tura hoton kaya Legas, hoto mai kyau rabin ciniki ne. Sai dai ba ta da Wi-Fi: ana iya cire katin, a haɗa da waya ta OTG.