Niƙaƙƙen Nama: Yadda Kwatan Kilo Zai Zagaya Gida Duka

A ɗakin awon ciki, duk matar da gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, tambayar farko da nake yi mata ita ce me ta ci jiya. Kwanakin baya wata baiwar Allah daga Kurmin Gwari ta zo da ciki na biyar, wata bakwai, tafin hannunta fari fat, tana haki daga ɗan hawan matakala. Ta ce mini, “Sista, ai mu ba ma rasa nama a miya.” Da na bi diddigi sai na gane kwatan kilo ake sayowa a yanka shi gida shida ko bakwai. Maigida biyu, surukarta ɗaya, yara su raba sauran, ita kuwa sai romo. Ba mijinta ne ya hana ta ba. Ita ce mai rabo, kuma a gidajenmu mai rabo ita ce ta ƙarshe.

Ban ce mata ta ƙara kuɗin cefane ba, domin na san halin da ake ciki. Tun da masaƙun Kakuri suka fara rufewa, KTL a 2002, wasu kuma suka bi baya, gidaje da yawa daga Makera zuwa Nasarawa da Sabon Tasha ba su sake ganin albashi mai tsayawa ba. Abin da na ce mata shi ne ta daina yanka naman, ta niƙa shi. Naman da aka niƙa ya bi miya ba a tsame shi a ba wani a hana wani, kowane cokali yana ɗauke da rabonsa. Sannan idan an san abin da za a haɗa shi da shi, amfanin da zai yi ya wuce girmansa nesa ba kusa ba.

Me ya sa ɗan nama yake da tasiri haka?

Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe domin ya ƙera jini. Wannan sinadari iri biyu ne a cikin abinci. Akwai na nama da kifi, wanda hanji ke tsotsar kashi 15 zuwa 35 cikin 100 nasa. Akwai kuma na wake da ganye da hatsi, wanda sau da yawa abin da ake tsotsa bai kai kashi 10 ba, saura ya wuce. To amma idan nama da wake ko ganye suka haɗu a ciki lokaci guda, naman yana taimaka wa hanji ya ƙara tsotsar ƙarfen da ke cikin waken da ganyen. Bitamin C ma haka yake yi. Wato naman ya kawo nasa, ya kuma buɗe wa na abokin tafiyarsa ƙofa. Bayan haka nama yana da bitamin B12, wanda ba a samunsa a ganye ko hatsi, ga kuma sinadarin zink mai taimaka wa girman yaro da warkewar ciwo.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68. Mu da muke karɓar haihuwa mun san fassarar waɗannan lambobi. Matar da ta shiga naƙuda da isasshen jini tana iya jure zubar jinin da zai kai wadda ba ta da shi ga neman leda biyu ko uku cikin dare, a lokacin da dangi ke ta buga waya ana neman mai bayarwa.

Abokan haɗi

Na farko a wurina shi ne wake. Uwargida, ki jiƙa wake gwangwani biyu ya kwana, ki zubar da ruwan, ki dafa shi ya yi laushi ba tare da kanwa ba. A gefe guda ki soya albasa da tafarnuwa da citta a ɗan mai, ki zuba kwatan kilo na niƙaƙƙen nama kina farfasa shi da ludayi har ya daina ja, ki sa tumatir da tattasai da attaruhu da daddawa, sannan ki juye waken a ciki su ƙara nuna tare. Wannan tukunya za ta ci da mutum shida ko bakwai da shinkafa, ko doya, ko burodi, kuma babu wanda zai ce bai ga nama ba. Jiƙa waken ba don saurin dahuwa kaɗai ba ne, yana rage wani sinadari da ke riƙe ƙarfe ya hana shi shiga jiki, yana kuma rage kumburin ciki. Idan alala za ki yi, ki soya naman da albasa tukuna ki zuba a ƙullun kafin ki ɗaura. Haka nan awara: ki murmushe ta ki cakuɗa da naman rabi da rabi, ki fasa ƙwai ɗaya, ki sa ɗan garin ƙuli-ƙuli ya kama, ki mulmula ƙwallo-ƙwallo ki jefa a miyar tumatir. Yara ba sa gane inda nama ya tsaya awara ta fara.

Sai ganye. Alayyahu, zogale, ugu, yakuwa, rama, duk suna nan a Kasuwar Monday ta Kakuri da kasuwar Sabo, kuma da damina wasu ma a bayan gida ake tsinka. Kuskuren da muke yi shi ne a tafasa ganye har ya yi baƙi, a tsiyaye ruwan a zubar, alhali amfanin ya bi ruwan. Ki wanke ganye kafin ki yanka, ba bayan kin yanka ba. Alayyahu da ugu ki zuba su daga ƙarshe, minti biyar ya isa. Zogale yana ɗan buƙatar lokaci fiye da haka, amma ki dafa shi a cikin miyar, ba daban ba. Mai ciki ganyen zogale za ta ci, ta bar saiwarsa da ɓawonsa.

Wanda ya zauna a kudancin kogin nan ya san fate. Maƙwabtanmu Bajju da Atyap da Ham suna yin na tsakin masara ko na acca da yakuwa da gauta da gyaɗa, kuma ban san abincin da ya dace da niƙaƙƙen nama kamarsa ba, domin komai a tukunya ɗaya yake, ba a zubar da ruwan komai. Na acca yana da sauƙi a ciki, shi nake yawan ba marasa lafiya shawara idan an sallame su ba su da sha'awar abinci. Miyar taushe da kabewa ma haka. Kabewa da karas da manja suna ba da bitamin A, kuma ɗan kitsen da ke cikin naman yana taimaka wa jiki ya karɓe shi.

Bitamin C kuwa wuta na cinye shi, saboda haka kada a dogara da tumatirin da ya daɗe yana tafasa. A yanka ɗanyen tumatir da tattasai a saman abinci bayan an wanke su sosai, ko a matsa lemon tsami, ko a ci lemo ko gwaiba ko gwanda nan take bayan an gama. Gwaiba ma ta fi lemo yawan wannan bitamin, ga ta da araha a lokacinta.

Ga yaro ɗan wata shida

Ajiyar ƙarfen da jariri ya zo da ita daga ciki tana ƙarewa ne wajen wata shida, daidai lokacin da ake fara ba shi abinci tare da nono. A nan ne yawancinmu muke tsayawa a kan koko zalla, ana cewa ai ba shi da haƙorin cin nama. Ba ya buƙatar haƙori. Ki dafa cokali ɗaya ko biyu na naman har ya yi laushi sosai, ki dama shi da dafaffen dankalin Hausa ko kabewa da ɗan alayyahu da ɗigon manja, ya yi kauri yadda zai tsaya a cokali. Ba gishiri, ba dunƙule, ba yaji. Idan ya tofar a rana ta farko kada ki ce ba ya so, ki sake gwadawa bayan kwana biyu.

Abubuwan da ke ɓata aikin

Shayi shi ne babba. Ganyen shayi da kofi suna da sinadarin da ke kama ƙarfen wake da ganye ya hana shi shiga jini. Ba na cewa a daina, ni ma ba na iya aikin dare ba shi, amma a bari aƙalla awa ɗaya tsakaninsa da abinci. Haka ma kada a haɗiye ƙwayar ƙarin jini da shayi ko madara.

Sai dunƙulen ɗanɗano, wanda kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a dunƙule da burodi. Idan kin sa daddawa da albasa da citta da masoro da garin busasshen kifi, dunƙule ɗaya zai yi aikin uku. Kanwa kuma tana kashe wasu bitamin na rukunin B, ga shi ita ma dangin gishiri ce. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jego ta fi buƙatar faten acca da nama a kan kofi biyar na kunun kanwa, ko da kaka za ta yi fushi.

Tsafta: nan ne niƙaƙƙe ya fi yanka haɗari

Ƙwayoyin cuta suna zama ne a saman tsokar nama, inda wuƙa da tebur da ƙuda suka taɓa. Idan yanka ne, wuta na fara cin saman. Idan aka niƙa kuwa, an kai na saman har tsakiya. A Amurka a 1993 fiye da mutum 700 suka kamu da ƙwayar E. coli daga niƙaƙƙen naman da bai gama dahuwa ba a wasu gidajen sayar da abinci, yara huɗu suka rasu. Irin wannan ƙwaya tana kawo gudawa da jini, a ƙananan yara kuma tana iya taɓa ƙoda. Naman da bai dahu ba yana kuma kawo tsila, da wata cuta da ke ratsa mahaifa ta illata ɗan tayi.

Don haka ki sayi naman da safe, ki zaɓi jar tsoka da idonki, ki ce wa mahauci ya rage kitse. Kada ki sayi wanda kika tarar an riga an niƙa, ba ki san abin da aka tura ciki ba, ba ki san kuma tun yaushe yake ajiye ba. Injin markaɗen unguwa da ya yi wake da safe, ya yi tattasai da rana, ba wurin kai ɗanyen nama ba ne. Ki sassara shi ƙanana da wuƙa biyu a kan katako, ko ki daka a turmi, ki wanke turmin da taɓarya da ruwan zafi da sabulu, su bushe a rana. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ta dambun nama: a dafa tukuna, sannan a daka. Katakon da aka yanka nama a kai kada a yanka ɗanyen tumatir ko kabeji a kansa sai an wanke.

Ki dafa shi ranar da kika niƙa. A firji kwana ɗaya ko biyu ne iyakarsa, shi ma idan wuta ta tsaya. In an ɗauke wuta ya narke ya yi ɗumi, kada ki mayar. Wajen dahuwa, tsakiyarsa ya kai maki 71 a ma'aunin zafi. Tun da ba mu da ma'aunin a madafa, ki fasa ƙwallo mafi girma ki duba: babu ja, ruwan da ke fita ba jini-jini, tururi na tashi daga ciki. Shi ya sa na fi son a jefa ƙwallon nama a miya ya tafasa minti ashirin a kan a soya shi a mai, inda waje ke ƙonewa ciki ɗanye. Abin da ya rage kada ya wuce awa biyu a buɗe, a zafin watan Maris da Afrilu ma awa ɗaya, kuma in za a ɗumama a bari ya tafasa.

Masu hawan jini da ciwon suga da masu ƙiba su tsiyaye man da naman ya fitar kafin su zuba kayan miya, su kuma bar wake da ganye su rinjayi naman. Jan nama dafaffe kada ya wuce rabin kilo a mako ga babban mutum. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa ko sashen kula da abinci na asibiti kafin ya ƙara nama ko wake ko ganye. Masu sikila su ci wannan abinci, amma kada su sayi maganin ƙarin jini mai ƙarfe da kansu. Hanta tana da ƙarfe sosai, ana iya niƙa kaɗan a cikin na yara sau ɗaya a mako, sai dai mai ciki ta yi hattara da ita saboda yawan bitamin A, musamman a watanni uku na farko.

Mai ciki kuma ta sani cewa abinci ba ya maye gurbin ƙwayoyin da muke bayarwa a wurin awo, wato na ƙarfe da folik asid kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin buƙatar ciki ta fi abin da tukunya kaɗai za ta iya. Baiwar Allahn nan ta Kurmin Gwari ta haɗa duka biyun, kuma da ta dawo awo bayan mako huɗu jinin ya fara hawa. Wadda take jin jiri, ko bugun zuciya, ko haki, ko kwaɗayin cin ƙasa da farar ƙasa, kada ta jira ranar awonta, ta zo da katinta a duba jinin.