BABI NA UKU: MAJAMI'UN BAƘAR FATA DA RAYA FASAHA A AMURKA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo ma'anar fasaha da ire-irenta. Shi kuwa wannan babi zai duba irin gudummawar da majami'un baƙar fata na Amurka suka bayar wajen rainon mawaƙa da marubuta. Za a nuna cewa coci ya ɗauki wannan nauyi ne saboda shi kaɗai ne gidan da baƙar fata suka mallaka a lokacin da aka rufe musu sauran ƙofofi.

3.1 Kafuwar Majami'un Baƙar Fata

Kafin a haramta bauta a Amurka a shekarar 1865, jihohi da dama na kudancin ƙasar sun kafa dokar hana koya wa bayi karatu da rubutu. Wannan ya sa bayi suka dogara da baki wajen adana tarihinsu da isar da kukansu. A wuraren ibadarsu na ɓoye suka ƙirƙiro waƙoƙin ruhaniya, waɗanda jagora ke bayarwa jama'a na amsawa, salon da kakanninsu suka taho da shi daga Afirka.

A arewacin ƙasar kuwa, wariyar da ake nuna musu a majami'un Turawa ta sa Richard Allen, wanda ya fanshi kansa daga bauta, ya buɗe cocin Bethel a birnin Filadelfiya a 1794. A 1801 ya tattara littafin waƙoƙin ibada domin jama'arsa, sannan a 1816 ya zama bishop na farko na ɗarikar AME. Daga nan baƙar fata suka sami gini da asusu da shugabanci na ƙashin kansu.

3.2 Coci a Matsayin Makarantar Waƙa

Abubuwa uku coci ya tanadar wa mai baiwa. Na farko shi ne horo, domin yaro yakan shiga ƙungiyar mawaƙa tun yana ƙarami, ya koyi sarrafa murya da kaɗa fiyano ba tare da biyan ko kwabo ba. Na biyu shi ne masu sauraro. Kowace Lahadi yaro yakan tsaya a gaban jama'a, kuma daga amshinsu ko shirunsu yake gane matsayinsa. Na uku shi ne tallafin kuɗi.

Rayuwar Marian Anderson ta haɗa waɗannan abubuwa gaba ɗaya. Ta fara waƙa tana da shekara 6 a cocin Union Baptist da ke Filadelfiya. Da mahaifinta ya rasu, gidansu ya shiga halin rashi, sai 'yan cocin suka yi karo-karo suka biya mata kuɗin koyon waƙa. A 1939, da aka hana ta wani babban zauren taro a Washinton saboda launin fatarta, ta yi waƙa a fili a gaban mutane kimanin 75,000. Haka nan Aretha Franklin ta taso a cocin New Bethel na birnin Detroit inda mahaifinta yake fasto, kuma a can aka ɗauki muryarta a faifai a 1956 tana 'yar shekara 14.

3.3 Wa'azi da Rubutu

Gudummawar coci ba ta tsaya ga waƙa ba. Wa'azin fastocin baƙar fata fanni ne na adabin baka, domin ya ƙunshi maimaitawa da kamance da hawa da saukar murya, jama'a kuma suna amsawa a gaɓa-gaɓa. James Weldon Johnson ya bi wannan salo a littafinsa God's Trombones na 1927. Shi ma James Baldwin ya yi wa'azi na shekara 3 yana saurayi a wani coci a unguwar Harlem ta birnin Niyok, kuma wannan rayuwa ce ya gina littafinsa na farko a kanta a 1953.

Ta fuskar ɗab'i kuma, ɗarikar AME tana da jarida mai suna Christian Recorder tun 1852. A cikinta ne Frances Harper ta riƙa fitar da ƙagaggun labaranta kashi-kashi, a zamanin da samun maɗaba'a ke yi wa marubuci baƙar fata wuya.

3.4 Saɓani Tsakanin Coci da Masu Fasaha

Duk da haka, dangantakar ba ta rasa tsami ba. Thomas Dorsey, wanda ake ɗauka a matsayin uban waƙoƙin bishara na zamani, ɗan fasto ne da ya fara suna da kiɗan blues. Da ya shigo da wannan launi cikin waƙoƙin ibada, manyan majami'un Shikago sun ƙi shi da farko, suna ganin ya kawo kiɗan mashaya cikin ɗakin Ubangiji. Abin da ya taimake shi shi ne baƙin da suka yi ƙaura daga kudu, waɗanda kunnensu ya saba da irin wannan sauti. A 1932 aka ba shi jagorancin mawaƙan cocin Pilgrim Baptist.

Wata matsalar kuma ita ce ta waɗanda coci ya raina suka koma waƙoƙin duniya. Sam Cooke ya bar ƙungiyar Soul Stirrers a 1957 ya shiga waƙoƙin soyayya, kuma masu ibada da yawa suka ɗauki hakan a matsayin butulci. Ita kuwa Mahalia Jackson ta ƙi rera blues har ƙarshen rayuwarta. Ke nan coci ya ba da horo, amma ya kuma shata iyakar abin da ya yarda a yi da horon.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda wariyar launin fata ta mayar da coci makaranta da dandali da maɗaba'a a lokaci guda. An kuma ga cewa sabon salo yakan fuskanci turjiya kafin ya karɓu. Babi na gaba zai yi nazarin jigo da salon waƙoƙin ruhaniya.