Cin Amana: Wa Ya Ajiye, Wa Ya Ci?

Tunda wa'adin Gwamna Abdullahi Sule na biyu zai ƙare a 2027, hira a majalisun Lafia ta koma kan wanda zai gaje shi, kuma babu kalmar da ke shan wahala a bakin masu hirar kamar amana. Ɗan majalisa ya sauya sheƙa, an ce ya ci amana. Kansila ya ƙi zuwa taron ubangidansa, ya ci amana. Matashin da aka saya wa babur lokacin kamfe ya rubuta a Facebook cewa rijiyar burtsatsen unguwarsu ta shekara ba ta aiki, shi ma an sa shi a layin maciya amana. Abin da ake nufi a duk waɗannan shi ne na ƙasa ya daina yi wa na sama biyayya. Wannan ma'ana baƙuwa ce. Tarihin kalmar, da yadda Bahaushe ke amfani da ita a kasuwa da gida da kotu, sun nuna cewa wanda aka damƙa wa abu shi ne mai ɗauke da amana, kuma a siyasa wanda aka damƙa wa abu shi ne mai kujera.

Kalmar daga Larabci muka aro ta, daga saiwa mai haruffa uku, alif da mim da nun, wadda ma'anarta ta farko ita ce rashin tsoro. Daga nan aminci ya fito, da imani, da mumini, da amini, da sunayen Aminu da Amina. Amintacce shi ne wanda za ka juya masa baya ka yi barci. Joseph Greenberg, a nazarinsa na 1947 kan kalmomin Larabci a Hausa, ya lura cewa wasu tsofaffin aro sun shigo da “al” ɗinsu manne a jiki, irin su labari da lada da alkama, da ita kanta lafiya da ake danganta sunan garin nan da ita. Amana ba ta da wannan tabo, alamar cewa ta fi kusa da hanyar malamai da littattafan fiƙihu. Haka ta shiga Sawahili da Turkanci da harshen Malesiya, kuma ko'ina ta je da ma'anar ajiya ta tafi. Turkawan Daular Usmaniyya ma, a tsakiyar ƙarni na 19, da wannan saiwa suka raɗa wa magajin garin Istanbul suna: amintaccen birni, wanda aka ajiye garin a hannunsa.

Amma ba sai an je Istanbul ba, fi'ilan da muke haɗa kalmar da su sun isa shaida. Amana ba da ita ake yi, a karɓa, a riƙe, a mayar, ko a ci. Ba a cin abin da ba ya hannu. Manomin da ya kawo doya kasuwar Alamis ya bar wa dillali ya tafi sallah, dillalin ne ke da amana, ko da ya ninka manomin arziki sau goma. Matan da ke zuba adashi ba su ne ke riƙe da amanar uwar adashi ba, ita ce ke riƙe da tasu. Direban da aka ba saƙon kuɗi a tasha ya kai Doma ko Keana, mai shagon da maƙwabci ya ajiye wa buhun riɗi sai farashi ya tashi, makiyayin da aka ba shanu kiwo, dukansu amana ta hau kansu ne saboda kayan wani yana hannunsu, mai kayan kuma ba ya gani. Ranar da aka kai amarya, iyayenta mata suna cewa “ga amana nan”, kuma dangin ango ake faɗa wa, domin su ne masu gida, ita kuwa baƙuwa ce. Uban da ya kai ɗansa wurin malam ko wurin kafinta koyon sana'a, babban yake ba amana. Yaron ladabi ake nema daga gare shi, kuma ladabi kalma ce dabam. A. H. M. Kirk-Greene, da ya jera siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya kawo amana kusa da gaskiya, ya ba ladabi nasa gurbin.

Shari'a ma a nan ta tsaya. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, daga Risala zuwa Muhtasar, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, amma da zarar ya taɓa ta don amfanin kansa lamuninta ya hau wuyansa. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bayyana laifin cin amana a sashe na 311, kuma sharaɗinsa na farko shi ne a ce an damƙa wa mutum dukiya ko iko a kanta. Sashe na 312 ya yanke ɗaurin da zai iya kai shekara 7. Sashe na 315 kuwa ya ɗaga shi zuwa 14 idan mai laifin ma'aikacin gwamnati ne, ko ma'aikacin banki, ko wakili. Gwargwadon girman abin da aka sa a hannunka, gwargwadon nauyin hukuncin. Babu sashen da ya tanadi ko kwana ɗaya ga wanda ya daina gaida ubangidansa.

Masu son jingina wannan sabuwar ma'ana da addini sun fi kowa shiga matsala. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da mayar da amanoni ga masu su, a cikinta aka haɗa umarnin yin hukunci da adalci, sannan aya ta 59 ta zo da maganar biyayya ga shugabanni. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta farkon da masu mulki take magana, ta biyun da talakawa, kuma a kan wannan jeri Ibn Taimiyya ya gina littafinsa na siyasar shari'a. Wato an fara ɗora wa mai mulki nasa kayan kafin a nemi wani abu daga mabiyi. Da Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya shaida masa cewa muƙami amana ne. A shekarar hijira kuma, 622, an bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali garin yana hannun waɗanda suka ƙulla kashe Manzon. Da amana biyayya ce ga ɓangare, da babu dalilin mayar wa abokin gaba ko allura.

Akwai hujja mai ƙarfi da za a iya kawowa daga tarihin wannan yanki, kuma bai kamata a tsallake ta ba. A ƙarni na 19, lokacin da Lafia, garin da Barebari suka kafa ƙarƙashin Muhammadu Dunama, ke bin Bauchi, Keffi da Nasarawa kuma ke bin Zazzau, akwai abin da ake kira amana tsakanin masarautu da al'ummomin da ba Musulmi ba. Gari ya karɓi amana, ya riƙa kai gaisuwa ko haraji, a bar shi ya zauna lafiya. Mai jayayya zai ce to ga shi nan, mai rauni yana bin mai ƙarfi, kuma sunan abin amana. Gaskiya ne ba yarjejeniyar tsara da tsara ba ce, kuma jikokin waɗanda suka biya wannan haraji suna da dalilin tuna ta da ɗaci. Sai dai a duba wanda ya ba da me. Abin da garin ke kaiwa sunansa haraji. Abin da sarki ke bayarwa shi ne aminci, alkawarin cewa mahayansa ba za su kai hari ba, ba za su kama mutanen garin bayi ba. Idan aka wayi gari dawaki suka afka wa ƙauyen da ke cikin amana, kowa ya san wanda ya ci ta. Ko a wannan tsari marar daɗi, nauyin kalmar yana wuyan mai takobi.

Irin wannan zamiya ba Hausa kaɗai ta sama ba. Mutanen Sikotland suna da tsohuwar kalma, leal, wadda ta zo musu ta Faransancin Normawa daga kalmar Latin mai nufin abin da ya dace da doka. A tsofaffin takardunsu ana faɗinta ga mai gaskiya a ciniki, da shaidan da ba ya ƙarya, da ma'aunin da ba a tauye ba. Har wata waƙa da Lady Nairne ta rubuta a ƙarshen ƙarni na 18 ta kira Aljanna ƙasar irin waɗannan mutane. 'Yar'uwar kalmar leal da ta shiga Turanci daga baya ta wannan saiwa ita ce 'yan siyasarmu ke nufi idan suna yabon yaron da ba ya musu, kuma a bakinsu babu sauran ƙanshin doka a jikinta.

Jayayya ta biyu ta fi kusa da zuciya. Mutum ya ɗauko ka daga babu, ya saya maka fom, ya kashe kuɗinsa, ya tsaya maka har ka ci zaɓe, sai ka juya masa baya, shin wannan ba laifi ba ne? Yana iya zama laifi, kuma Hausa ba ta rasa sunansa ba. Butulci ne, ko rashin halacci, ko saɓa alkawari idan an yi alkawarin. Idan ya faɗa maka sirrinsa ka kai wa abokan hamayya, wannan kam cin amana ne, domin sirri ajiya ne. Amma kujerar da ka hau ba shi ya ajiye ta a wurinka ba, don ba tasa ba ce. Rantsuwar da ke jadawali na bakwai na tsarin mulkin 1999 ga Tarayyar Najeriya ake yin ta, babu sunan kowa a ciki. A 2007 Kotun Ƙoli ta ƙi yarda a raba Atiku Abubakar da kujerar mataimakin shugaban ƙasa don ya ɓata da Obasanjo ya koma wata jam'iyya. Wannan bai wanke masu sauya sheƙa ba. Sashe na 68 da na 109 na tsarin mulkin sun ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da aka zaɓe shi a cikinta ya rasa kujerarsa, sai idan jam'iyyar ta rabu ko ta haɗe da wata. Dalilin shi ne ƙuri'a ajiya ce, kuma wanda ya ɗauke ta ya kai wata kasuwa ba da izinin masu ita ba ya taɓa kayan mutane. To ko a nan, waɗanda aka ci amanarsu su ne matan da suka tsaya layi cikin rana a Shabu da Awe da Nasarawa Eggon, ba mai gidan da ake cika da motoci da daddare ba.

Abin da ya sa wannan gyara ya wuce gardamar malaman harshe shi ne amfanin da ake yi da kuskuren. Muddin amana na nufin biyayya, akawun da ya ƙi sa hannu a takardar kwangilar bogi shi ne maci amana, wanda ya sa hannu kuma ɗan amana. Ɗan fanshon da ya yi shekara talatin da biyar yana aiki, ya tsufa yana jiran haƙƙinsa, ba a cewa an ci amanarsa, sai a ce gwamnati na fama da ƙarancin kuɗi. Shi kuwa ajiya ya yi, ta ƙarfinsa da ƙuruciyarsa, kamar yadda manomi ya bar doyarsa wurin dillali. Saboda haka mai karatu, a wannan kaka ta siyasa duk wanda ya ce maka wane ya ci amana, ka tambaye shi abu biyu kafin ka taya shi tsinuwa: me aka ajiye, kuma na wane ne.