Kakuri: Abin da rufe masaƙun Kaduna ke nunawa game da yaƙi da talauci a duniya

A watan Satumban 2015 ne ƙasashe 193 suka amince a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a kawar da matsanancin talauci daga doron ƙasa kafin ƙarshen 2030. Shi ne na farko cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa guda 17.

Yanzu 'yan shekaru kaɗan suka rage wa'adin ya cika, kuma Bankin Duniya da kansa ya ce ba za a cimma wannan buri a kan lokaci ba. A rahotonsa na 2024, bankin ya ce kusan mutum miliyan 700 ne ke cikin matsanancin talauci, kuma kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane suna yankin Afirka kudu da hamadar Sahara.

A daidai wannan lokaci ne kuma manyan ƙasashe masu bayar da agaji suka fara janye hannu. Shi ya sa ake ta tambaya: idan agaji ya ragu, da me za a yaƙi talauci?

Wani ɓangare na amsar yana kudancin kogin Kaduna, a unguwannin Kakuri da Makera da Kurmin Gwari da Nasarawa, inda aikin masana'anta ya taɓa fitar da dubban iyalai daga ƙunci, sannan rufe masana'antun ya sake jefa da yawansu ciki.

Lokacin da Kakuri ke ci

A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, tare da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead and Sons na Ingila.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Manoman Funtuwa da Malumfashi da Gusau da ƙasar Zazzau suna noma auduga, ana gurje ta, ana loda ta a jirgin ƙasa zuwa Legas, daga can a kai ta Ingila a saƙa, a dawo da ita a sayar wa 'yan Arewa da tsada. Sai aka ce me zai hana a saƙa ta a gida?

Bayan KTL sai wasu suka biyo baya. Akwai United Nigerian Textiles, wato UNTL, wadda attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa a 1964, da Arewa Textiles mai jarin 'yan Japan, da Nortex da Finetex. A Kakuri ɗin dai aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, aka kuma fara harhaɗa motocin Peugeot a 1975. A 1980 aka ƙaddamar da matatar mai ta Kaduna mai ƙarfin tace ganga 100,000 a rana.

Masaƙun na aiki dare da rana, ma'aikata na karɓa-karɓa. Kowane ma'aikaci kuma yana da waɗanda ke ci ta dalilinsa: mai abinci a bakin ƙofar masana'anta, mai gidan haya a Makera, direban bas, tela, dillalin atamfa, da manomin da ya san inda audugarsa za ta je tun kafin ya shuka.

Bahaushe da Bajju da Atyap da Gbagyi da Bayarabe da Ibo da Tibi duk suna tsaye a layin inji guda, suna ƙungiyar ƙwadago guda. A Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya fara aiki, kafin ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a 1982, daga baya shugaban NLC, sannan gwamnan Jihar Edo. Hedikwatar wannan ƙungiya a Kaduna take.

Yadda injuna suka yi shiru

Durƙushewar ba a dare ɗaya ta zo ba. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, wanda Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka goyi baya. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da sinadaran rini da ake shigowa da su suka yi tsada. A wannan shekarar aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga, wadda a da ita ke raba iri tana tsayar da farashi.

Najeriya ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 1995, a 1997 kuma aka ɗage haramcin shigo da yadi. Ko a lokutan da aka mayar da haramcin, 'yan fasa-ƙwauri ba su daina ba. Atamfar da aka buga a China na sauka a tashar Kwatano ko Lome, ta bi ta Nijar, ta ƙetaro iyaka ta shiga kasuwanni irin su Kantin Kwari a Kano, wani lokacin da zane da tambarin masaƙun Najeriya a jikinta.

Ga kuma matsalar wuta. Masaƙa ba ta iya aiki da lantarkin da ke zuwa yana ɗaukewa, don haka kowace ta koma dogaro da janareta da baƙin mai. Kuɗin da ake kashewa wajen saƙa yadi ɗaya a Kakuri ya zarce farashin da ake sayar da na waje a kasuwa.

KTL ta rufe a 2002. Arewa Textiles da Nortex da Finetex suka bi sahu cikin 'yan shekaru, UNTL kuma ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007.

Wannan ya zo ne a lokacin da birnin ke fama da raunukan rikicin shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau ta duniya na 2002, rikice-rikicen da suka sa jama'a suka yi ta ƙaura, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kiristoci a kudu. Masana'antun na cikin wurare ƙalilan da ke haɗa ɓangarorin biyu kullum safiya, kuma su ma sun tafi.

Tsoffin ma'aikatan KTL, wadda jihohin Arewa 19 ke da mallakinta, sun shafe fiye da shekara 20 suna neman a biya su giratuti da sauran haƙƙoƙinsu. Sun yi zanga-zanga, sun je kotu, sun rubuta wa gwamnoni. Da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu ne suka gaji bin bashin. Waɗanda ke raye wasu sun koma acaba, wasu gadi, wasu noma a bakin kogi.

Agaji na raguwa

A ranar da ya koma mulki a Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje. Zuwa 1 ga Yulin 2025 an rufe hukumar USAID, wadda aka kafa tun 1961, aka mayar da ragowar ayyukanta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen ƙasar.

Birtaniya ma ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage agajinta daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027, domin ƙara kuɗin tsaro. Faransa da Jamus su ma sun rage. Alƙawarin da aka yi a Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1970 shi ne ƙasashe masu arziki su riƙa bayar da kashi 0.7, amma ƙalilan ne suka taɓa cika shi.

Ba ƙaramin abu ba ne wannan ga Najeriya. Da taimakon ƙungiyoyin waje aka yi ta rigakafin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Shirin PEPFAR na Amurka, wanda aka fara a 2003, shi ne ke ɗaukar babban kaso na magungunan masu ɗauke da cutar HIV. Saboda giɓin da aka hango ne majalisar dokokin tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na 2025. A tsakiyar shekarar kuma Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta iya dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas saboda ƙarancin kuɗi.

Agaji ya ceci rayuka masu yawa, kuma janye shi ba shiri na iya jawo asarar wasu. Sai dai abin da ya raba magidancin Kakuri da abincin gidansa shi ne rufewar masana'antar da ke biyansa albashi, kuma babu wani shirin agaji da aka tsara don ya maye masa gurbin wannan.

Ƙasashen da suka fita

Binciken da Bankin Duniya ya yi tare da gwamnatin China, wanda aka fitar a 2022, ya nuna cewa kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci a ƙasar cikin shekara 40. Mafi yawan raguwar talaucin da duniya ta gani a wannan zamani daga can ya fito. Sun fara ne da gyaran harkar noma a ƙarshen shekarun 1970, sannan masana'antu masu ɗaukar ma'aikata da yawa, irin su saƙa da ɗinki.

Bangladesh ma da ɗinki ta tashi. Tufafi ne fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da take fitarwa waje, kuma masana'antar na ɗauke da ma'aikata kimanin miliyan huɗu, da yawansu mata. Abin lura shi ne ƙasar ba ta noma auduga mai yawa, sayowa take yi. Lokacin da Kaduna ta fara saƙa a 1957, Bangladesh ba ta ma zama ƙasa ba.

Hanyar na da nata haɗari. A Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka, ya kashe ma'aikatan ɗinki fiye da 1,100. Habasha kuma ta buɗe rukunin masana'antu na Hawassa a 2016, amma da Amurka ta cire ta daga yarjejeniyar cinikayya ta AGOA a Janairun 2022 saboda yaƙin Tigray, dubban ma'aikata suka rasa aiki.

A nan Kakuri na da abin da za ta dogara da shi. Kasuwarta a gida take: atamfa da shadda da kayan makaranta da kakin jami'an tsaro na al'ummar da ta haura mutum miliyan 200.

Lissafin tukunya

A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100, na fama da talauci ta fuskoki da dama, kamar rashin ilimi da lafiya da ruwan sha da aikin yi. Wannan kafin cire tallafin man fetur ne a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira ta nemo wa kanta daraja, abubuwan da suka ƙara tsadar rayuwa.

Don rage raɗaɗi, gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin bai wa gidaje miliyan 15 naira 25,000 a wata har wata uku, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. Idan gida na da mutum shida, naira 25,000 a wata na nufin kusan naira 139 ga kowane mutum a rana.

Mafi ƙarancin albashi a Jihar Kaduna, wanda Gwamna Uba Sani ya amince da shi a 2024, naira 72,000 ne. A gida mai mutum shida, naira 400 ke nan ga kowa a rana. Shi ma bai kai ya kawo ba, amma ya kusa ninka tallafin sau uku, kuma kowane wata yake zuwa muddin akwai aikin. Matsalar ita ce mafi yawan mazauna Kakuri da Television da Sabon Tasha ba su da aikin albashi, da buga-buga suke rayuwa.

Alƙawuran da ke jiran cikawa

An sha ƙoƙarin farfaɗo da masaƙun. Gwamnatin tarayya ta ware asusun naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu domin auduga da saƙa da ɗinki, kuma da taimakonsa UNTL ta sake buɗewa a 2010, ko da yake ba ta koma ƙarfinta na da ba. A Maris ɗin 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun dala daga hannun hukuma. Amma rance ba ya tayar da masaƙa idan babu wuta, kuma ba ya hana fasa-ƙwauri.

A Kudenda, 'yan kilomitoci daga Kakuri, akwai tashar lantarki mai megawat 215 da aka bayar da kwangilarta tun 2009 da nufin bai wa masana'antun yankin wuta, amma aikin ya yi ta tafiyar hawainiya shekara da shekaru. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ma an sha ɗage ranar kammala shi. Matatar mai kuwa ta yi shekaru ba ta tace ɗanyen mai ba.

Akwai wasu alamun motsi. Kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a Ƙaramar Hukumar Chikun a 2017. A Janairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri. Dangote da Peugeot sun fara harhaɗa motoci a wata sabuwar masana'anta a kan hanyar Abuja. Sai dai irin waɗannan masana'antu na zamani injuna ne ke yin mafi yawan aikin, ba sa ɗaukar mutane kamar yadda masaƙu suka yi.

Abubuwan da Kakuri ke buƙata sanannu ne: wutar da ba ta yankewa a farashin da masana'anta za ta iya biya, ingantaccen irin auduga daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, tsaron da zai bar manoman Katsina da Zamfara da Birnin Gwari su koma gona, jami'an kwastam masu tsare iyaka da gaske, da gwamnatocin da za su riƙa sayen kayan makaranta da kaki daga masaƙun gida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hannun Washington ko Landan. A Abuja da Kaduna ake yanke su.

Haka ma haƙƙoƙin tsoffin ma'aikatan KTL. Gwamnonin Arewa 19, waɗanda a Kaduna suka saba yin taronsu, su ne masu kamfanin, kuma su ne iyalan ma'aikatan ke sauraro tun 2002.