Ajiyar da Ruwa Ba Zai Ci Ba

A watan Agustan 1988, bayan sama ta yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya, madatsar ruwan Bagauda ta ɓalle. Duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar Bebeji ba sai an ba shi labari ba. Dam ne daga cikin waɗanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, kamar babban ɗan'uwansa na Tiga da aka kammala a 1974, an kuma yi shi ne don ya raya ƙasa. Ranar da ya ɓalle kuwa, gonaki da gidaje da dabbobi duk ya kwashe.

A ɗauki manoma biyu a irin wannan rana. Na farko mai tanadi ne, rumbunsa biyu, ɗaya na ci, ɗaya na ajiya, suna kallon juna a tsakar gida guda. Na biyu rumbunsa ɗaya tak, amma tun da kaka ya aika da dami biyu na iri wurin ƙanensa a can Kiru. Ruwa ya zo. Na farko ya tashi ba ci ba iri, na biyu ya tashi ba ci, amma yana da abin shukawa baɗi. Duk abin da masana kwamfuta suke faɗa a kan adana bayanai, in aka tace shi, bai wuce bambancin mutanen nan biyu ba.

Yau dukiyar mutane da yawa ba a rumbu take ba. Sakamakon ɗaliban makarantar sakandare, katin marasa lafiya a asibiti, littafin bashi na ƙungiyar manoman shinkafa a Tudun Wada, jerin sunayen masu karɓar albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma, rajistar cibiyar da yara ke rubuta jarrabawar JAMB, har da takardun ɗaliban Makarantar Horar da Lauyoyi da ke nan Bagauda, duk sun koma ko suna kan hanyar komawa cikin kwamfuta. Inda aikin ya yi girma, ba a kwamfutar tebur ake tara su ba, sai a wata babbar na'ura da ake kira saba, wadda sauran kwamfutocin ofis ke ɗiba daga cikinta.

A da, kowane aiki da sabarsa: ta albashi daban, ta rajista daban. Wannan ɓarnar kuɗi ce da wutar lantarki, domin yawancinsu zaman kashe wando suke yi rabin yini. Sai aka farfaɗo da wata dabara da kamfanin IBM ya fara tun wajen shekarun 1960, wadda kamfanin VMware, da aka kafa a 1998, ya yayata ta a kan na'urori masu sauƙin kuɗi. A sayi saba ɗaya mai ƙarfi, a raba ta da manhaja kamar yadda ake raba gidan haya ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki ya zama kwamfuta mai zaman kanta, da tsarinta da fayilolinta da mabuɗinta, ba ta ma san tana da maƙwabta ba. Mu kira ta kwamfutar manhaja, tunda ba ta da gangar jikin da za a taɓa.

Abin sha'awa a nan shi ne, kwamfutar manhaja gaba ɗayanta fayil ce, ko 'yan fayiloli. Ana iya kwafe ta kamar yadda ake kwafe hoton biki daga waya zuwa waya, a kai ta wata na'ura a Kano ko Legas, a kunna, ta farka ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. Abin tsoro kuma shi ne, 'yan haya goma sha biyar rufinsu ɗaya. In wuta ta kama sabar, ko tsawa ta bi waya ta ƙone ta, ko ɓarawo ya fasa taga ya sungume ta, ba aiki ɗaya ne ya tsaya ba, ofishin ne baki ɗaya.

Akwai kuskuren da ma'aikatan kwamfuta da yawa ke yi, kuma ina ganin ya fi kowanne yawa. Manhajar da ke raba sabar tana da wata dabara ta ɗaukar hoton kwamfutar manhaja yadda take a wannan daƙiƙa, don in an sa mata sabon abu ya ɓata ta, a mayar da ita baya. Dabara ce mai amfani ƙwarai. To amma hoton nan a kan faifan da asalin yake a nan yake kwana, kuma ba ya tsayuwa sai da asalin. Rumbu na biyu ne a tsakar gida guda. Mai cewa yana da ajiya alhali hotunan nan kawai gare shi, yaudarar kansa yake.

A nan girgije ya shigo. Sunan yana da ruɗi, har wani ya ɗauka bayanan suna shawagi ne a sama. Ba girgije ba ne, gini ne na siminti da ƙarfe, cike da dubban sabobi, da injinan sanyaya ɗaki da janareto da masu gadi, kai kuma ka kama hayar wani lungu a ciki ta intanet. Microsoft ya buɗe irin waɗannan cibiyoyi a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya bi baya a birnin Kef Tawun a 2020. A gida Nijeriya akwai irin su Rack Centre a Legas, da Galaxy Backbone na gwamnatin tarayya mai cibiya a Abuja da wata a Kano. Manhajar ajiya takan aika da cikakken kwafi sau ɗaya, daga nan kullum dare sai ta riƙa tura abin da ya canza kaɗai.

Tunda gini ne, shi ma yana cin wuta. A daren 10 ga Maris 2021, gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke Istirasbug a Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, ta lashi na kusa da shi, shafukan intanet miliyoyi suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin ajiya, hankalinsu kwance, sai da gari ya waye suka gano kwafin nasu a harabar da ta ƙone yake. Turawa ma, ashe, suna gina rumbu biyu a tsakar gida ɗaya. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayar maka da ajiyar girgije ba nawa ba ce. A wane gari kwafin zai kwana?

Nisa kaɗai ma bai isa ba, kuma labarin da ya fi nuna haka da ƙafarsa ya bi ta Nijeriya. Ran 27 ga Yunin 2017, wata muguwar manhaja da aka sa wa suna NotPetya ta ɓulla daga Yukiren ta bazu duniya. Cikin waɗanda ta buge har da Maersk, kamfanin jiragen ruwan Danmak da kwantenoninsa ke cika tashar Apapa. Kamfanin yana da sabobi kimanin 150 masu riƙe da rajistar duk ma'aikatansa da izinin shigar kowa, a warwatse cikin ƙasashe, kowace tana kwafar 'yar'uwarta. Dabarar ita ce in ɗaya ta mutu, sauran su raya ta. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za su mutu tare, alhali igiyar da ta haɗa su ita ce hanyar da cutar ta bi. Aka yi ta buga waya ofis-ofis, har aka dace da guda ɗaya a Gana da ta tsira. Dalili? An ɗauke wuta kafin harin, sabar tana kashe, ba ta haɗe da kowa. Ma'aikatan Gana ba su da bizar Ingila, sai ɗayansu ya hawo jirgi da faifan zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani abokin aikinsa, shi kuma ya wuce da shi Landan. Cikin kwana 10 suka sake girka saba 4,000 da kwamfuta 45,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Ɗaukewar wutar da muke tsine wa kullum, ita ta ceci ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya.

Abin lura shi ne, kwafin da ke bin asali sau da ƙafa madubi ne kawai: ka goge fayil bisa kuskure, ya goge, cuta ta shiga, ta shige shi. Masu garkuwa da bayanai sun san wannan sarai. Sukan kutsa, su kulle fayiloli, su nemi kuɗin fansa, kuma kafin su kulle sai sun fara neman ajiyar sun lalata ta, don kada mai kaya ya sami mafita. A Fabrairun 2023 sun kulle dubban sabobi masu ɗauke da kwamfutocin manhaja na VMware waɗanda masu su suka yi sakacin sabuntawa. Maganin shi ne a sami kwafi ɗaya da ba ya haɗe da komai, ko wanda aka yi masa kullen da ko mai shi ba zai iya goge shi ba sai wa'adinsa ya cika. Masu sana'ar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wani wuri mai nisa.

Kada kuma wani ya ji wannan ya kwashe komai ya miƙa wa girgije ya tafi barci. Mu a nan mun san halin da muke ciki. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara, daga baya da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, masu hulɗa da bankuna suka sha wuya. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda a cikin duhu. Wanda ya taɓa ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa ya san inda waya ke komawa tocila. Ga kuma lissafi mai sauƙi: in kwamfutar manhajarka gigabayit 100 ce, layinka kuma yana jan megabit 5 a daƙiƙa, sauko da ita zai ci awa 44 da ɗoriya, in layin bai yanke ko sau ɗaya ba ke nan. Banda kuɗin data, banda hayar da manyan kamfanonin waje ke lissafawa da dala, wasunsu ma har da kuɗin fito da kayanka. Shi ya sa kwafi na kusa, a faifan da za a sa a aljihu, ba ya da madadi. Na kusa don sauri, na nesa don ranar da kusa ɗin ya tafi, kamar yadda ya tafi wa 'yan kasuwar Sabon Gari a gobarar Maris 2016, da mutanen Maiduguri da dam ɗin Alau ya ɓalle musu a Satumbar 2024.

Tambayoyi biyu ne ke yanke yawan kuɗin da za a kashe, kuma shugaban ma'aikata ne ya kamata ya amsa su, ba yaron kwamfuta ba. Ta farko: aikin awa nawa za mu iya rasawa mu jure? Makarantar da ke shigar da maki sau ɗaya a zango, kwafin mako-mako ya ishe ta. Bankin al'umma da ke karɓar ajiya daga safe zuwa la'asar, ko awa ɗaya ta ɓace rigima ce. Ta biyu: kwana nawa za mu iya zama a rufe kafin mu dawo? Wanda ya ce minti goma, sai ya biya hayar wata saba a nesa da ke jiran ko-ta-kwana. Wanda ya ce kwana biyu, faifai da ɗan acaɓa sun isa. Wanda kuma ke riƙe da bayanan jama'a, musamman na marasa lafiya, ya sani Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora masa nauyin tsare su, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da su ƙasar waje. A kulle kwafin da mabuɗin sirri kafin ya bar ofis, mabuɗin kuma kada ya kwana cikin sabar da ake tsoron rasawa. Na taɓa ganin inda aka yi hakan. Ajiya lafiya lau, mabuɗin ya tafi da faifan da ya mutu.

Saura abin da kowa ke gudu, wato gwaji. Manhajar ajiya tana iya nuna koren haske kullum safiya alhali abin da take tarawa ƙaiƙayi ne. A Disambar 2021 Jami'ar Kiyoto da ke Japan ta yi asarar bayanan bincike kimanin terabayit 77, kuma manhajar ajiyar ce da kanta ta goge su sakamakon kuskure wajen sabunta ta. Manomin ƙwarai kafin damina yakan ɗebi 'yan ƙwayoyi daga irinsa ya binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ga ko za su tsiro, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamfutar manhaja ta sauƙaƙa wannan fiye da kowace na'ura, tunda ana iya tayar da kwafinta a keɓe ba tare da an taɓa mai aiki ba.

A zaɓi wata Asabar, bayan kowane wata uku. A cire wa sabar waya, a ɗauka ta ƙone. A ce da wanda ya girka ta ya zauna a gefe ya kama bakinsa, kamar ya tafi aikin Hajji. A miƙa wa mataimakinsa takardar matakai da aka buga aka ajiye a durowar shugaba, mai ɗauke da inda kwafi yake, da wanda ke riƙe da mabuɗi, da wace kwamfutar manhaja za a fara tayarwa. Sannan a duba agogo, a ce masa ya fito da sakamakon 'yan aji uku na zangon da ya wuce.