Ko Kun Sani? Inda Gari Ya Ƙare

Ko kun san Turawan Ingila suna da wata tsohuwar kalma, "purlieu", da ke nufin gefen gari? Asalinta daga Faransancin Normawa ne, "puralee", wato zagayen da ake yi da ƙafa don tantance iyaka. Sarakunan Ingila sun killace dazuzzuka domin farautarsu, har suka haɗa da gonakin mutane. Bayan dokar dazuzzuka ta 1217, sai aka riƙa taka iyakokin ana mayar wa masu ƙasa abinsu. Filin da aka fitar daga dajin sarki shi aka laƙaba wa sunan, daga baya ma'anar ta faɗaɗa ta koma duk wata unguwa da ke bakin birni.

Mu kuwa ganuwa ce ta yanke mana magana. Abin da ke ciki birni ne, saura duk waje. Shi ya sa a Kano ake kiran su Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da sunan Waje.

A Ringim, da take ƙarƙashin masarautar Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, "bayan gari" ne a bakin kowa: inda gidaje suka ƙare, gonakin gero suka fara. Amma a yi hattara. In dattijo ya ɗauki buta ya ce zai je bayan gari, kada yaro ya ce zai raka shi.